Asibitin ƙirjin da muka kai Baba a Gombe

Baba ya sha maganin tibi wata 6 cif, ya ɗan ji sauƙi, bayan babbar sallah sai tarin ya dawo da rama da gumin dare, shi ne maƙocinmu ya ce mu gwada wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin Gombe. Daga Kumo muke zuwa.

Gaskiya likitan ya burge ni. Bai yi saurin rubuta magani ba, tsofaffin takardu ya baje a tebur, ya nuna mana cewa a madubin lab ana ganin ƙwayar cutar a kakin Baba amma GeneXpert, wato gwajin na'ura da ke gano ƙwayar tibi a kaki, sau biyu ya ce babu tibi, ya ce "Baba, ina zargin wannan ɗan uwan tarin fuka ne, ba shi ba ne." Aka ɗauki kaki aka tura Zariya, muka jira kusan sati 6 don sai an raini ƙwayar a lab kafin a gane ta, ita kuma ba ta saurin tsirowa. Sakamako ya fito, wai Mycobacterium kansasii, sunan daga Kansas ta Amurka, ni har yau sai na duba takarda nake iya faɗa. A ruwan famfo aka fi samunta kuma ba a cika ɗaukarta daga mutum ba, mu kuwa wata da watanni mun ware wa Baba kofi da kwano, jikoki ma an hana su shiga ɗakinsa, wallahi da na ji haka kunya ta kama ni.

Yanzu rifampicin da ethambutol da azithromycin yake sha, likita ya ce aƙalla wata 12, pyrazinamide ɗin da ke cikin maganin tibi ma ba ya taɓa wannan ƙwayar. Tun ranar farko nas ta ce fitsari zai yi ja, kar mu tsorata, kuma duk zuwa sai sun gwada ganinsa, ko yana bambance kaloli, saboda ethambutol na iya taɓa ido.

Inda suka gaza, wajen magani. Sau biyu azithromycin ya ƙare musu, sai yawon kemis cikin rana, ga shi ba kyauta ba ne irin na tibi. Kati kuma ka zo ƙarfe 8 sai azahar. Tauraro 4 na ba su, kuma in za ku je ku tafi da duk tsofaffin takardun gwaji da hoton ƙirji.