Fim ɗin masoya masu laifi na Jafan: wanne za ka fara saya?

Idan abin da kake nema shi ne saurayi da budurwa da suka tafka ta'asa, kuma labarin ya faru da gaske, fara da Seishun no Satsujinsha na Hasegawa Kazuhiko, wanda ya fito a 1976. A kasuwar waje sunansa The Youth Killer. Tushensa kisan da wani matashi ya yi wa iyayensa ne a Ichihara, jihar Chiba, a 1974. Nakagami Kenji ya fara mayar da shi gajeren labari, daga nan aka yi fim. A fim ɗin, Mizutani Yutaka ne ya fito a saurayin, Harada Mieko ce ta fito a yarinyar da iyayensa suka ce sam bai isa ya ci gaba da hulɗa da ita ba. Kada ka sa ran tsere da mota da ruwan harsashi. Ƙarfinsa yana cikin doguwar fitowar nan ta cikin gida, inda uwa ta dawo ta tarar da gawar mijinta, maimakon ta kurma ihu sai ta shiga tsara yadda za a ɓoye ta. Mujallar Kinema Junpo ta zaɓe shi gwarzon fim na shekarar, kuma ya cancanta.

Shonen na Oshima Nagisa, na 1969, ya fi sauƙin kallo a ido amma ya fi ciwo a zuci. Miji da mata ne suke yawo gari-gari suna sa yaro ya faɗa gaban mota don su karɓi kuɗin sulhu daga direba, kamar wasu ma'aurata da aka kama a 1966. Wanda ba ya son jini, wannan ne nasa.

Tattoo Ari na 1982 kuwa rayuwar Umekawa Akiyoshi ya bi, wanda ya yi garkuwa da mutane a bankin Mitsubishi na Osaka a 1979. Zamansa da budurwarsa ne jigon, fashin kansa ba a nuna shi ba, to mai neman faɗa zai ga kamar ya yi asarar kuɗinsa.

Wajen sayen faifai ne aka fi tafka kuskure. Faifan Blu-ray kan zo a kulle da shiyya, ba ya kunnuwa sai a na'urar shiyyarsa: na Jafan da na Amurka shiyyar A ne, Afirka da Turai kuwa shiyyar B, don haka bugun Ingila ne ya fi dacewa da na'urorinmu, sai in taka mai karɓar kowace shiyya ce. Na biyu, yawancin bugun cikin gida na Jafan ba su da fassarar Turanci a ƙasan allo. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton bayan kwali, ka duba harshen fassara da harafin shiyya kafin ka biya.

The Youth Killer da Tattoo Ari akwai tsiraici da zubar da jini a cikinsu, ba na kunnawa a falo gaban yara ba ne.