Hattara da mai tallar bindigar farauta da ba ya bari a gan ta

Jama'a, duk mai shirin sayen bindigar farauta ta farko, irin mai sakata wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso a tura sabon harsashi, ya tsaya ya karanta wannan. Ƙanena ne aka yi wa sakiyar da ba ruwa, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Shekara biyu yana tara kuɗi. Sai ya ci karo da wani a intanet yana tallar Remington 700, hotuna tas-tas, har da madubin hange a kai, a farashin da ko rabin na dillali bai kai ba. Wai tafiya ce ta kama shi, kuma akwai mutum uku a layi. Ya nemi kafin alƙalami, aka tura. Bayan kwana biyu ya ce kuɗin inshora, aka tura. Sai kuɗin "sakin kaya". Daga nan lamba ta daina shiga, shafin ma ya yi ɓatan dabo.

Da ƙanena ya nuna mini hirarsu na ga inda biri ya yi kama da mutum tun daga farko. Mutumin ya ce gadon kakansa ce, ƙirar 1955. Remington 700 kuwa sai a 1962 ta fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amsar da ya bayar da aka tambaye shi wane harsashi take ci. Ya ce .308 da .30-06 duk tana ɗauka, "ai kauri ɗaya ne". Kan harsashin kaurinsa ɗaya, gaskiya ne, amma kwanson .308 Winchester tsawonsa milimita 51 ne, na .30-06 kuma 63. Kowace bindiga an yanka ɗakin harsashinta, wato inda harsashi ke zama kafin a harba, don iri guda ne, kuma an buga sunan a jikin bututu. Wanda ya taɓa riƙe bindigar da yake sayarwa ba zai faɗi haka ba. Wanda kuma ya yarda da irin wannan magana ya cusa abin da ba nata ba, fuskarsa da idonsa ya sa a caca.

Sabon shiga 'yan damfarar nan suke nema, domin bai san abin tambaya ba, kuma yana jin kunyar a gane bai sani ba. Ku cire kunyar nan. Ku ce wa mai tallar ya ɗauki sabon hoto da lambar da kamfani ya buga a jikin bindigar a fili, kusa da takarda mai ɗauke da sunanku da kwanan wata. Mai hoton sata ba zai iya ba, sai kame-kame.

In kuma bindigar akwai ta da gaske, a zare sakatar, a haska tocila a leƙa cikin bututun. Zanen nan da ke murɗe a ciki shi ke juya harsashi ya tafi saiti, ya kamata a gan shi raɗau. In ya shafe kusa da ɗakin harsashi, ko tsatsa ta ci ramuka, bututun ya gama aiki komai ƙyallin katakon. Lambar da aka goge ko aka kankare kuwa, ko kyauta ce kada ku taɓa, don bindigar sata ce ake haɗa ku da ita. A tafi da mai gyaran bindiga ya duba da idonsa.

Ƙanena ya ce abin da ya ja shi har da alkawarin za a kawo masa har ƙofa ba lasisi, ba takarda. Shi ya sa da aka cuce shi ya yi kwanaki yana tsoron kai ƙara, kuma ɗan damfarar da wannan tsoron ya dogara. Daga baya mun kai rahoto da hotunan hirar da shaidar tura kuɗi. Jiya na sake ganin hotunan bindigar nan a wani shafi da sabon suna, yanzu wai ta zama gadon kawunsa.