Gam, sikeli da jirgin da ba shi da inji

Jama'a, ni ɗan kafinta ne, jikan kafinta. Tun ban kai tsawon benci ba nake riƙe wa mahaifina katako a Sabon Garin Zariya. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani dattijon Bajamushe zai dubi aikin hannuna ya ce a ɓamɓare a sake ba. To ya faɗa, a gaban yara 'yan shekara goma sha biyar kuwa.

A wata ƙungiya ce ta masu tashi da jirgin sama marar inji, nan kusa da garin Fulda a Jamus, inda nake zaune. Kusan rabin awa ne a mota zuwa dutsen Wasserkuppe mai tsayin mita 950, inda aka fara gasar irin waɗannan jirage a 1920. Lokacin an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an takura mata kan jirage masu inji, sai samarinta suka koma hawan iska. Da hunturu ba a tashi, sai a shige rumfar gyara. Jirgin da muka tasa gaba Ka 6 ne, samfurin da ya fara tashi a 1955, ƙirar kamfanin Schleicher da ke Poppenhausen a gindin dutsen. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 15, kuma duk katako ne da filawud da yadi. Filawud ɗin ma in ka ga sirantarsa ka ce kwalin sabulu ne.

Wani ɗan rami aka ba ni in toshe. Na goge gefen ya kwanta, tsawon gugar ya ninka kaurin sau goma sha biyar yadda suke so, na dama jan gam ɗinsu da ido kamar yadda muka saba, na manna. Dattijon ya zo ya tsaya. Bai ko dubi facin ba. Ina sikelin da na auna gam? Nawa ne zafin ɗakin? Ina guntayen gwaji? Na ce masa da guntun Jamusancina, Baba, wannan ko giwa ta taka ba zai saki ba. Ko murmushi. Ya ɗauki guntaye biyu ya haɗa da ragowar gam ɗina, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya ajiye. Da mako ya zagayo ya sa guduma. Ƙa'idarsu ita ce katako ya tsage, gam ya riƙe. Nawa kuwa ya rabu tas a kan gam, kamar an ɓare gyaɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sannan ya jawo littafin jirgin. Duk wanda ya taɓa shi tun shekarun 1960 ya rubuta abin da ya yi, da rana, da sa hannu. Wasu sun daɗe da mutuwa, amma ga rubutunsu.

Kada ku ɗauka mutanen nan sun fi mu gyara. Ina! Waɗannan da ke lallaɓa jirgi ɗan shekara sittin su ne ke fitar da firji mai aiki bakin titi don murfinsa ya kwance. Famfona ya yi yoyo, mai gyara ya ba ni rana bayan mako uku, kuma kuɗin zuwansa kawai ya isa cefanen sati. Gilashin waya ya fashe, a ce gara ka sayi sabuwa. Takalmi ya ɓalle, ka yi ta kasa kunne ko za ka ji ƙwanƙwasar shushaina a layi, shiru. A Panteka ta Kaduna da an ƙera maka abin da kamfaninsa ya daina yi kafin ka gama shan shayi. Hannu muna da shi. Amma tambayi bakanikenka wane mai ya zuba maka bara, zai ce "ai mai kyau ne, Alhaji". Mu ɗaure da roba, mu ce Allah ya kiyaye, alhali an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Da sanyi ya wuce dattijon ya sa ni a kujerar gaba ta ASK 13, wani jirgin marar inji mai cin mutum biyu. Wani inji a can ƙarshen fili ya fizgi igiya, kafin minti guda mun kai kusan mita 400, hanjina na can ƙasa, bakina sai salati. Igiya ta saki, ƙas. Sai shiru, sai fitar iska. Ya taɓa kafaɗata ya nuna wani shaho yana kewayawa bai ko kaɗa fiffike, muka bi shi, muka yi ta hawa a iskar ɗumin da ke tasowa daga ƙasa. Nan take na tuna shirwa a saman mahauta da rana tsaka, da guguwar bazara mai wurgi da ledoji sama. Duk wannan iska tana can gida, ungulu kaɗai ke morarta.

Na aika wa ƙanena, wanda ke riƙe da shagon yanzu, kuɗin ƙaramin sikeli da littafi mai bango. Ya turo mini saƙon murya yana dariya, wai Yaya sanyi ya fara taɓa ka, in da hali dai a ƙaro na injin goge katako.