Na'urar karɓar kyauta ta kati a gaban makaɗan titin Landan

Tun shekarar 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi, kuma bayan annobar korona shaguna da dama sun bi sahu, har ta kai mutum yakan yi mako guda bai taɓa sulalla da hannunsa ba. Wannan sauyi ya taɓa makaɗa da masu wasa a titi sosai, domin hular da suke ajiyewa a gabansu ita ce abincinsu. Shi ya sa tun a 2018, kafin annobar ma, magajin gari Sadiq Khan ya ƙaddamar da tsarin ba su kyauta ta kati, tare da Busk in London, shirin tallafa wa masu wasa a titi, da kamfanin iZettle na ƙasar Suwidin mai yin na'urorin karɓar kuɗi ta kati. Yanzu kamfanoni daban-daban ne ke yin irin wannan na'ura, kuma a shekaru ukun da na yi a garin na yi amfani da ita sau da yawa.

Ƙaramar na'ura ce, 'yar uwar POS ɗin da muka sani a gida, sai dai ba ta bukatar lambar sirri. Makaɗin yakan saita ta a kan adadi guda, galibi fam biyu ko uku a inda na gani, ya ɗaura ta jikin sanda ko akwatin kayan kiɗansa, mai wucewa ya ɗora kati ko waya, ta yi ƙara, an gama. A tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda tun 2003 ake ba makaɗa lasisi bayan an gwada su, amfaninta a fili yake, domin jama'a gudu suke yi, kuma mai jita ba ya iya sakin tsirkiya don ya karɓi kuɗi. Na sha ganin mutanen da a da sai dai su taɓa aljihu su girgiza kai, yanzu suna ba da kyauta cikin daƙiƙa biyu ba tare da sun karya tafiyarsu ba.

Inda ta gaza a wurina shi ne dandalin Covent Garden da ke tsakiyar Landan. A can mai wasa yakan shafe kusan rabin awa yana tara mutane a gaban cocin St Paul, yana hawa tsani ko keke mai ƙafa ɗaya, kuma babu mai biyansa albashi. Wanda ya taso yana ganin yadda ake yi wa makaɗa liƙi a wurin biki ya san cewa kyauta gwargwadon daɗin da aka ji ake yin ta, kuma ido da ido ake miƙa ta. Na'urar da aka ƙayyade wa fam uku ba ta bambance wanda ya tsaya minti ɗaya da wanda ya kalli wasan daga farko har ƙarshe. Wata rana wata dattijuwa mai goge irin na Turawa ta tsayar da ni cak a bakin Kogin Thames, na so in ba ta fam goma, sai da na ɗora katin sau uku, mutane na jira a bayana, kuma ita ba ta ma ga wanda ya bayar ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ya kamata a sani kuma cewa kamfanin na'urar yakan cire ɗan kasonsa daga kowace kyauta, sannan wanda ke amfani da katin wata ƙasa bankinsa na iya ƙara masa kuɗin canji. Duk da haka ina ba sabon zuwa shawarar ya yi amfani da ita a tashoshi ba tare da ɗari-ɗari ba, muddin ya duba adadin da ke kan allon kafin ya ɗora kati. Ranar da zan je Covent Garden kuwa, nakan ciro takardar fam biyar tun daga gida, in jira a gama wasa, in saka ta cikin hula da hannuna.