Katin toka na masu hoto, ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Masu ɗaukan hoton biki da sallah a Kaduna, in baku da katin nan mai ruwan toka na auna haske ku nemo shi. A wani shagon kayan kyamara dake Ahmadu Bello Way na samu nawa, ɗan kwali ne da kaɗan ya fi tafin hannu, gefe ɗaya toka ɗayan fari, kuɗinsa ko na memori bai kai ba.

Matsalarmu ɗaya da masu ɗaukan dusar ƙanƙara a Kanada da Rasha. Ita kyamara a lissafinta duk abinda ke gabanta in aka haɗa shi toka-toka ne, mai maido da wajen kashi 18 cikin 100 na haske, to sabuwar dusa tana maido sama da kashi 80, sai kyamarar ta ɗauka haske ya mata yawa ta rage, dusar ta fito duƙun-duƙun, shi yasa su can suke ƙara hasken kyamarar da +1 zuwa +2 da hannu. Mu bamu da dusa amma je Murtala Square ranar idi ka ga fararen shaddoji sun sha bugu suna ɗaukar ido ga rana ta take, wallahi abu ɗaya ne, shadda ta fito kamar ba'a wanke ba, fuskar mai ita kuwa tayi baƙi ƙirin har ido baya fita sosai, kuma a fuska kwastoma yake fara duba hotonsa.

Yadda nake yi, tunda kalar katin ita ce tokar nan da kyamara ke lissafi da ita, ina miƙa wa ango katin ya riƙe a ƙirji inda hasken ke sauka masa, in matso in cika gilashin da katin kaɗai, in ga lambobin haske da kyamarar ta bani, in juya zuwa M, wato saitin hannu, in saka su. Shikenan. Fari ya fito fari tas, aikin wuyan babbar riga ana ganin zarensa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin hazo ma da shi nake daidaita kala.

Inda ya gaza, kwali ne, zufar hannu ta fara ɓata gefen nawa, kuma in ka karkata shi ya fuskanci rana sheƙi yake ya baka lissafin ƙarya. Da an shiga rumfa kuma sai ka sake aunawa. In kun samu na yadi mai naɗewa shi zaku ɗauka, ya fi jure wahalar jaka.