V-Rock da K-DST: Wacce Ta Fi Ingancin Tsohon Kiɗan Rok?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsakanin tashar V-Rock ta wasan Vice City da tashar K-DST ta wasan San Andreas, wato tashoshin rediyon da ake saurara a mota cikin waɗannan wasannin bidiyo biyu na jerin Grand Theft Auto (GTA), wacce ce ta fi ingancin tsohon kiɗan rok, ka kuma ce kai kunnenka ya fi karkata ga ta farkon saboda zafin kiɗanta. Na daɗe ina sauraron tashoshin nan biyu, tun zamanin da muke biyan kuɗi a shagon gem muna jiran layi a gaban PlayStation 2, kuma amsata ita ce K-DST ce gaba, ko da yake V-Rock tana da wani abu guda da babu wadda ta kamo ta a kansa.

Kafin a auna su, ya kamata a lura cewa ba aiki ɗaya suke yi ba. Kamfanin Rockstar ya fitar da Vice City a shekarar 2002, amma labarin wasan yana faruwa ne a 1986, a wani birni da aka kwaikwayo daga Miyami. Saboda haka waƙoƙin da ake sakawa a V-Rock, a idon mutanen cikin wasan, sababbi ne da ake yayi a lokacin. "Raining Blood" ta Slayer da "Peace Sells" ta Megadeth duk a 1986 suka fito, "2 Minutes to Midnight" ta Iron Maiden kuwa shekara biyu kacal ta girme su. Mu da muka ji su daga baya ne muke kiransu tsofaffi. San Andreas ya fito a 2004, labarinsa na 1992 ne, kuma K-DST an gina ta ne tun asali a matsayin tashar waƙoƙin da zamaninsu ya wuce: "Green River" ta Creedence Clearwater Revival ta 1969 ce, "Free Bird" ta Lynyrd Skynyrd ta 1973, "Barracuda" ta Heart ta 1977, "Hold the Line" ta Toto ta 1978. Idan har ana maganar tashar tsohon rok kamar yadda ake yin ta a gidajen rediyon Amurka, inda ake tara waƙoƙin da suka riga suka zauna a zukatan jama'a, to K-DST ce ta cika wannan suna, V-Rock kuwa tashar rok mai nauyi ce ta samarin wancan lokaci.

Wannan ba aibi ba ne ga V-Rock. Zaɓen waƙoƙinta yana da tsari mai kyau, domin ta haɗa ɓangarori biyu da ba kasafai masoyansu suke jituwa ba: masu kiɗan annashuwa da kwalliya irin su Twisted Sister da Mötley Crüe da Quiet Riot, da masu kiɗa mai gudu da kaushi irin su Slayer da Anthrax. Abin da ta fi kowace tasha a kansa shi ne yadda aka saƙa ta cikin labarin wasan. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa ta ƙirƙira mai suna Love Fist, wadda ake saka waƙoƙinta a tashar kamar na sauran mawaƙan gaskiya, sannan daga baya Tommy Vercetti, jarumin wasan, yakan haɗu da su ya yi musu aiki, har akwai aikin da zai tuƙa su a doguwar mota da aka dasa wa bam, wanda zai tashi idan ya rage gudu. Mutum ya ji muryarsu a rediyo tsawon kwanaki, sai ga su a kujerar baya suna ihu. Wannan dabara ce da ta sa tashar ta zama wani yanki na birnin.

Matsalarta guda biyu ce, kuma duka biyun suna taɓa mai sauraro bayan ya daɗe yana wasan. Ta farko, kusan dukan waƙoƙin a mataki ɗaya suke na zafi, babu saukowa, babu wurin hutawar kunne. Ta biyu kuma ta fasaha ce: tashoshin Vice City an naɗe su ne a matsayin dogon shiri guda da yake zagayowa, don haka bayan 'yan kwanaki za ka haddace cewa in wannan waƙar ta ƙare wance ce za ta biyo, kuma Lazlow, mai gabatarwa, zai maimaita barkwancin da ya yi jiya a daidai wurin da ya yi shi. A San Andreas an sauya wannan tsari, aka rarraba waƙoƙi da tallace-tallace da maganganun mai gabatarwa, na'urar tana haɗa su a jeri daban-daban, har mai gabatarwa yakan yi magana a kan yanayin gari ko lokacin da ake ciki. Wannan kaɗai ya sa K-DST ta fi kama da rediyon gaske.

Amma babban dalilina ya shafi ƙasar da ake tuƙi a cikinta, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Vice City ƙaramin gari ne, manyan tsibirai biyu da gadoji a tsakani, kuma sau da yawa za ka isa inda za ka kafin waƙa ɗaya ta ƙare. San Andreas kuwa jiha ce sukutum, mai birane uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, waɗanda aka kwaikwayo daga Los Anjelis da San Firansisko da Las Begas, ga dazuzzuka da duwatsu da ƙauyuka da hamada a tsakaninsu. Tsohon rok na Amurka kiɗan doguwar hanya ne, yana bukatar titi mai nisa da sarari, kuma masu wasan sun fahimci haka.

Ba na manta wata tafiya da na yi a wasan daga Las Venturas zuwa tsohon filin jirgin sama na Verdant Meadows da ke cikin hamada. Rana tana faɗuwa, sama ta yi jajawur, babu mota ko ɗaya a gabana, sai turakun wuta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ga jajayen duwatsu can nesa. A daidai lokacin aka sako "A Horse with No Name" ta ƙungiyar America, waƙar da ita kanta a kan tafiya cikin hamada take magana, da jitarta mai sanyi wadda ba ta gaggawa. Na isa filin jirgin waƙar ba ta ƙare ba, sai na tsayar da motar kusa da gawarwakin tsofaffin jiragen nan, na ƙi fitowa har sai da ta kai ƙarshe. Haka ma "Free Bird", wadda take farawa a hankali kamar mai jan ƙafa, sannan daga tsakiya jitoci su ɓalle da gudu: in ta same ka a kan babban titi, za ka ga hannunka ya ƙara wa motar wuta ba tare da ka yi niyya ba. V-Rock ba ta taɓa sa ni zama cikin mota bayan na isa ba, domin aikinta zuga mutum ne lokacin da 'yan sanda suke binsa, kuma a wannan fagen ta ƙware.

Ta fuskar masu gabatarwa ma akwai bambanci. Lazlow na V-Rock matashi ne mai surutu da cika baki, ya kuma dace da tashar. Mai gabatar da K-DST kuwa, Tommy Smith da ake wa laƙabi da The Nightmare, muryar Axl Rose ce, jagoran ƙungiyar Guns N' Roses, kuma an ba shi matsayin tsohon mawaƙi wanda tauraronsa ya dusashe, yana ta begen zamanin da ya wuce. Muryarsa a ƙasa take, ba ya yawan ɗaga ta, kuma wannan gajiyar da ke cikinta ta yi daidai da waƙoƙin da yake sakawa. Wani abin lura shi ne, waƙar ƙungiyarsa ta gaskiya, "Welcome to the Jungle", ba a tasharsa take ba, a Radio X aka saka ta, tashar sabon rok na matasan lokacin. 

Za ka iya cewa wasannin da suka biyo baya sun fi yawan waƙoƙi, kuma gaskiya ne. GTA IV yana da Liberty Rock Radio da Iggy Pop yake gabatarwa, GTA V na 2013 kuma yana da Los Santos Rock Radio a hannun Kenny Loggins, inda za ka ji Queen da Bob Seger da Elton John. Tashoshi ne masu kyau, sai dai ni a kunnena yawan ya sa sun zama kamar babban kanti mai komai da komai, alhali waƙoƙi goma sha bakwai na K-DST kowacce kamar an auna ta da wani yanki na taswirar.

Sai gargaɗi guda, tunda na san yawancinmu yanzu a waya muke buga wasannin nan. Waƙoƙin lasisi aka saya na wani wa'adi, kuma da wa'adin ya cika sai aka cire wasu daga fitowar da aka yi daga baya. Vice City na waya ya fito a 2012, San Andreas a 2013, kuma a irin waɗannan sababbin fitowar V-Rock ta rasa "Bark at the Moon" ta Ozzy Osbourne, K-DST kuma ta rasa "Runnin' Down a Dream" ta Tom Petty da "Woman to Woman" ta Joe Cocker. Rashin waƙar Tom Petty ya fi yi mini ciwo, domin ita ce na fi so ta same ni a hanyar da ta ratsa ƙauyuka daga Los Santos zuwa San Fierro. Idan kana son ka yi wa tashoshin biyu adalci a hukuncinka, ka nemi ainihin faifan PlayStation 2, ka ɗauki mota a Las Venturas da yamma, ka nufi hamada, ka bar rediyon a K-DST.