Essence da Calm Down: wacce ta fi yin nisa?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin waƙar Essence ta Wizkid da Calm Down ta Rema wacce ta fi tashe a ƙasashen waje. In lissafi za a bi, ba sai an ja zance ba, Calm Down ce. A jadawalin Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka kowane mako, ta kai ta 3 a shekarar 2023, ta kuma yi mako 57 a ciki. Essence iyakarta ta 9, a watan Oktoban 2021. A Birtaniya ma haka abin yake: ta Rema ta 3, ta Wizkid ta 16.

Sai dai yadda kowacce ta hau ya bambanta, kuma a ganina nan ne zancen yake.

Essence tana cikin kundin Made in Lagos da ya fito ranar 30 ga Oktoban 2020, bayan an ɗage fitarsa saboda zanga-zangar EndSARS. Da farko ba ita aka sa a gaba ba, waƙa ce kawai cikin jerin waƙoƙi. Masu sauraro ne suka tsamo ta da kansu, galibi saboda muryar Tems, wadda lokacin ba kowa ya san ta ba a wajen Najeriya. A hankali gidajen rediyon baƙaƙen fata na Amurka suka kama ta, ta yi ta yawo a bukukuwa da wuraren shaƙatawa, har ta shiga Hot 100 a watan Yulin 2021. Ka lura da watan. Sai a Agusta aka saki wadda Justin Bieber ya sa murya a ciki. Wato da ƙafarta ta shiga, Bieber tura ta kawai ya yi ta ƙarasa cikin goman farko. Ni dai har yau ta asalin nake saurara, baitin Bieber bai ƙara mata komai ba a kunnena.

Calm Down kuwa ta fito a Fabrairun 2022, gabanin kundin Rave & Roses. Ta yi ƙarfi a Turai da ƙasashen Larabawa tun tana ta Rema shi kaɗai, amma ƙofar Amurka ba ta buɗe mata ba sai da Selena Gomez ta shigo a ƙarshen Agusta. Daga nan rediyo ya riƙe ta gam. Hot 100 abu uku yake haɗawa, duk a cikin Amurka: saurare ta intanet, sakawa a rediyo, da ciniki. Waƙar da manyan tashoshin rediyo suka ɗauka takan daɗe ba ta sauka ba, shi ya sa ta haura shekara. A Satumban 2023 ta cika saurare biliyan 1 a Spotify.

Wasu za su ce ai Wizkid ya taɓa hawa ta ɗaya a Hot 100. Gaskiya ne, a One Dance ta 2016, har mako 10, amma waƙar Drake ce, shi baƙo aka gayyata.

Akwai kuma abin da ke sa kwatancen ya ɗan karkace. Billboard ba ta buɗe jadawalin Afrobeats na Amurka ba sai 2022, lokacin guguwar Essence ta fara lafawa. Wadda ta fara zama ta ɗaya a wurin ita ce Love Nwantiti ta CKay, haifaffen Kaduna. Calm Down ta zo ta tarar da shimfiɗa a shirye, ta zauna a samansa fiye da shekara guda.

Saboda haka in gardamar da kuke yi ta lambobi ce, ka ba Rema. In kuwa ana maganar wadda cikin su biyun tashoshin Amurka suka rungume ta ba tare da sunan tauraronsu a jiki ba, Essence ce.